Baƙon da Na Tura Gola a Guangzhou

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi a Guangzhou ba, ko da na so in manta, don waɗanda suka shaida abin suna nan da ransu kuma bakinsu ba ya shiru. Kwanan baya ma a wajen wani ɗaurin aure a Kano sai da wani ya ɗago hannu daga nesa ya ce, "Kocin koci, ina gajiya?" Jama'a suka waiwayo suna neman da wa ake, ni kuma na sunkuya kamar ina neman takalmina. Gara in ba da labarin da bakina, tunda masu bayarwa a madadina sun fara ƙara masa gishiri.

Shekarar da 'yan Sifaniya suka ɗauki kofin nahiyar Turai ne, ina aji uku a wata jami'a a Guangzhou, ina karatun injiniyan lantarki. Mu Hausawan garin kashi biyu ne: ɗalibai daga arewacin Najeriya da Nijar, sai 'yan kasuwa masu sarin kaya a kasuwar Canaan su ɗora a jirgi ta filin jirgin Baiyun. Abin da ke haɗa mu, ban da Juma'a, shi ne filin ƙwallon jami'armu ranar Lahadi, daga la'asar zuwa magariba. Sunan abin ƙwallo, amma a nan ake karɓar saƙon gida. Wanda ya sauka daga Kano zai zo da yaji da kuka da kilishi, wanda zai tafi a cika masa jaka da hotuna da tsarabar iyaye. A nan sabon ɗalibi yake fara jin Hausa bayan ya yi sati yana magana da hannu. In magariba ta yi mu shimfiɗa kwalaye a bayan raga mu yi jam'i. Duk wanda ya raba mu da filin nan ya raba mu da juna.

Ni ne kocin ƙungiyar. Ba wanda ya naɗa ni. Usur na saya, da hular hana-salla, da ɗan littafin rubutu, na wayi gari ina ba da umarni, mutane kuma suka ga dama can ba ni da amfani a cikin fili, suka ƙyale ni. Gaskiyar magana ban iya ƙwallo ba. Ilimina duk na gidan kallo ne, inda na shafe shekaru a kan benci ina gyara wa manyan kociyoyin duniya kurakuransu ta talabijin. A waccan shekarar kuwa bakina ba shi da zance sai Sifaniya: yadda suke fasin, yadda suke riƙe ƙwallo, me ya sa suka fi kowa. (Da za ka ce in nuna maka ƙasar a taswira, da sai na ɗan yi lalube.)

Bakin nan nawa shi ya jawo mana fitinar. Malam Wang, mai kula da filayen wasan jami'ar, wani dattijo mai son ƙwallo kamar ransa, ya kira ni ofishinsa. Na tarar da kyaftin ɗin 'yan Kamaru a zaune, su ma lokacinmu suke so. Malam Wang ya kawo shawara mai kyau, ya ce a raba, wannan Lahadi mu, waccan su. Da na yi shiru da shi ke nan. Sai ɗan Kamarun ya yi murmushi ya ce ai mu ba ƙwallo muke yi ba, cin nama muke zuwa yi. Kafin in san abin da ake ciki na ji bakina yana cewa, "A buga. Wanda ya ci ya riƙe filin har shekara." Aka sa sati uku, muka sha hannu, ban shawarci kowa ba.

Alhaji Sabo ne ya fara tare ni da maganar. Shi ne dattijonmu, ɗan kasuwar yadi ne, ya haura hamsin, mai jiki, kuma shi ya saya mana jesi.

"Kai yaron nan, ka kalli 'yan Kamarun nan kuwa? Cinyar ɗayansu ta kai ƙugunka."

"Alhaji, ai ƙwallo ba dambe ba ce, kai ake amfani da shi."

"To shi ke nan. In muka rasa filin nan, a ɗakinka za mu riƙa taruwa, mu arba'in."

Kamar abin haɗin baki, a satin golanmu ya gama sarin kayansa ya bi su Kano. Muka zo atisaye Lahadi ta farko babu mai tsaron gida, kuma kowa ya ƙi. A nan na hango wani Bature zaune a kan matakalar 'yan kallo, da leda a hannu. Zai yi sa'an Alhaji, mai sanƙo, da ɗan tumbi, kuma da ya miƙe na ga yana ɗingisa ƙafar dama. Ashe Lahadi biyu ke nan yana zuwa yana kallonmu.

Duk wanda ya taso a unguwa ya san dokar: baƙo da wanda bai iya ba, gola ake tura su. Ba a tambayarka lambar da kake bugawa, sai ka sha ƙwallo a ciki na wata guda tukuna a ga hankalinka. Ni kaina a raga na ƙare ƙuruciyata, shi ya sa na riƙe dokar da hannu biyu.

Na yafito shi. Turancinsa guntu-guntu ne, nawa ma ba wani na kirki ba, amma mun fahimci juna.

"Lawban," na ce masa, wato maigida, yadda ake kiran kowane mai tumbi a kasuwar China. "Kana son ka buga?"

Ya ce in an ba shi dama.

"Daga ina?"

"Sifaniya."

Wayyo, daɗi kamar ya kashe ni. Lokacin baje kolin kaka ne a Pazhou, gari cike da Turawa masu yawo da jaka, don haka ban ma tsaya tambayarsa sana'arsa ba, na amsa masa da kaina. Na ce, "Baje koli ka zo ko? Tayil?" (Wani ya taɓa gaya min Sifaniya suna yin tayil.) Ya ɗan dube ni, ya ɗaga kafaɗa yana murmushi. Tun daga nan sunansa ya zama Baba Tayil. Na miƙa masa safar hannun da golanmu ya bari, na nuna masa raga. Ya kalli ragar, ya kalli tsakiyar fili, ya sake kallona, ya ce, "To, Koci."

A gola dai ba shi da wani abin a zo a gani. In aka buga ta sama ba ya tsalle, in aka buga gefe sai ya bi ta da ido. Abin da ya fi ba ni haushi, in ya kama ƙwallo ba ya ɗaga ta gaba kamar kowane gola mai hankali, sai ya ajiye ta ƙasa ya tura wa ɗan baya a hankali. Na busa usur na tsayar da wasa.

"Baba, gola ba ya wasa da wuta a gida. Ɗaga ta sama, can gaba, Allah Ya ba mai rabo."

"To, Koci."

Da aka tashi na ja shi gefe don in taimake shi. Na ce tunda shi ɗan Sifaniya ne, abin kunya ne a ce bai san sirrin ƙwallon ƙasarsa ba, kuma na yi masa lacca ta minti ashirin a kai. Yana ta gyaɗa kai. Sannan na ajiye ƙwallo na ce ya kalli ƙafata da kyau, da cikin ƙafa ake fasin. Na ja baya na buga. Ƙwallon ta bar inda na nufa ta tafi can ta kifar da gorar shayin wata tsohuwa da ke motsa jiki a gefen fili. Na ce masa wannan misalin yadda ba a yi ne. Ya je ya ba tsohuwar haƙuri, ya ɗauko ƙwallon, daga can nesa ya turo min ita ta zo ta kwanta a kan ɗan yatsana kamar an aiko ta. Na ce, "Yawwa, ka fara ganewa."

Lahadi ta biyu ya makara da minti goma. Dokata ce duk wanda ya makara ya zagaya fili sau biyu. Ya ce in yi haƙuri, aiki ne ya riƙe shi. Na ce tayil ba ya gudu, na nuna masa agogo. Bawan Allahn nan ya ajiye ledarsa ya zagaya fili sau biyu yana ɗingishi, ni kuma ina tsaye da usur a baki ina jin kaina.

Mutum ɗaya ne ya yi ƙoƙarin cetona, Isuhu, ɗan Damagaram mai karatun likita, ɗan tsakiyarmu. Shi yana ɗan taɓa hira da Baba da Faransanci. Ya same ni a gefe ya ce, "Koci, ka bi tsohon ga a hankali. Ya ce min in riƙa waiwayawa tun ƙwallo ba ta iso ni ba, wallahi tun da na fara, filin ya ƙara min faɗi. Na tambaye shi mi yake yi a gari, ya kauce. Wannan ba mai tayil ba ne."

Kun san tsakanin Bakano da Badamagare, wasa ne har abada. Na ɗauka tsokana ce. Na ce, "Ku dama in kuka ga farar fata sai ku ce malami ne. Je ka yi abin da na sa ka."

"Bakano ke nan," in ji shi. "Ya sayi usur ya ɗauka ya sayi ilimi."

A daren na buɗe littafina, inda nake rubuta ra'ayina a kan kowane ɗan wasa, na yi wa Baba nasa layin. Ku riƙe maganar littafin nan, za ta dawo.

Ranar wasa fili ya cika. Duk Bahaushen da ke Guangzhou ya zo, har da waɗanda ba su san ƙwallo zagayayya ba ce. 'Yan Kamaru suka zo da ganga. Malam Wang ne alƙalin wasa. Tsarina ɗaya ne, wanda na gada daga unguwa: a ɗaga ta gaba, Ɗan Katsina ya bi ta da gudu, don shi ne mai saurin cikinmu. (Duk laccar Sifaniyar nan ta baki ce, in aka zo fili tsarin unguwa nake komawa.) Matsalar, duk ƙwallon da muka ɗaga a kan wani ƙatonsu take sauka. Minti goma suka ci mu da ka. Kafin hutu suka ƙara, wannan karon ta saman Baba, wanda ko motsawa bai yi ba. Biyu da nema, ganga tana tashi.

Aka zo hutun rabin lokaci, yara suka zube a ƙasa suna haki, ido duk a kaina. Na buɗe littafina, na rufe. Na ce a dage. Na ce a sa zuciya. Na sake cewa a dage. Daga nan maganata ta ƙare, kuma kowa ya gane ta ƙare. Na hango kwalayen sallarmu jingine a bayan raga, da wani sabon ɗalibi da ya sauka a satin yana zaune da ƙullin yajinsa. Tsoro na ji, na gaske. Ni na jefa filin nan a caca don kawai wani ya yi min murmushi, ga shi zan raba mutum arba'in da wurin da suke ganin juna.

Sai na ji an taɓa min kafaɗa. Baba ne, ya cire safar hannu.

"Koci, ka ba ni izini in faɗi abu ɗaya?"

Da a ce ci ɗaya ne da na hana shi. Na ce ya faɗa, amma a taƙaice.

Ya durƙusa da ƙyar, ya tattaro murafan gorunan ruwa ya jera a ƙasa, yana magana Isuhu yana mayarwa Hausa. Ya ce mutanen nan sun fi mu tsawo, duk ƙwallon da muka ɗaga kyauta muka ba su, a bar ta a ƙasa. Ya ce duk mai ƙwallo ya zama yana da mutum biyu kusa da shi, Isuhu ya fassara da cewa a tsaya kamar duwatsun murhu. Ya ɗaga murfi ɗaya ya ce lamba biyar ɗinsu in ya hau gaba ba ya dawowa da wuri, ya gaji, Ɗan Katsina ya daina gudun banza ya laɓe a bayansa ya jira. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"In Koci ya yarda, ni zan tsaya a nan." Ya sa yatsa a tsakiyar murafan.

"Wa zai tsare raga?"

Kowa ya juya ya kalli Alhaji Sabo, wanda ya zo kallo da jallabiya. Alhaji ya ce innalillahi, ya tuɓe agogo, ya karɓi safar hannu. Ni kuma na gyara hula na ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Abin da nake shirin faɗa ke nan ya riga ni."

Abin da na gani a zagaye na biyu, har gobe in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Baba bai yi gudu ba. Da'irar tsakiyar fili ya riƙe, yana takawa kamar mai zagaya shagonsa. Amma duk wanda ya rasa yadda zai yi da ƙwallo sai ya ɗaga kai ya gan shi a tsaye shi kaɗai, hannu a buɗe. Taɓawa ɗaya yake mata ta wuce. Ƙatti biyu suka taso masa, ya ɗan juya ƙugu, suka wuce shi suka yi karo da juna. Yana nuna wa yara wuri da yatsa, nan, can, dawo, jira, kuma yaran da na sani ba sa jin magana suna bi kamar an ɗaura musu zare.

Ba a yi minti goma ba lamba biyar ya hau gaba. Baba yana kallon hagu ya zura ta dama, ta ratsa tsakanin mutum uku ta tarar da Ɗan Katsina a inda aka ce ya jira, ya jefa ta raga. Biyu da ɗaya. Ganga ta ɗan yi sanyi. Can kuma muka yi ta tura ta a tsakaninmu, Alhaji daga raga yana ƙirgawa da ƙarfi har ya kai goma sha ɗaya, 'yan Kamaru suna bin ta harshe a waje, Isuhu ya tsinci kansa shi da gola ya ajiye ta a kusurwa. Biyu da biyu. Suka fusata suka taso gaba ɗaya, kyaftin ɗinsu ya saki wata irin ƙwallo da na rufe ido, na ji tim. A tumbin Alhaji ta tsaya. Ya zauna a ƙasa yana salati, amma bai sake ta ba.

Saura kaɗan a tashi aka kayar da Ɗan Katsina a bakin da'irar gidansu. Bugun tazara. Na ga Baba ya ɗauki ƙwallon yana goge ta da rigarsa, sai kocin da ke cikina ya farka. Na ruga bakin layi ina ihu, "Baba, bar wa Isuhu. Wannan ba matakinka ba ne, ba mu zo nan a darasi ba." Isuhu ya sa hannu a kunne ya ce, "Koci, iska ta hana mu ji." Baba ya ja baya taku uku kacal. Ƙwallon ta tashi kamar za ta tafi ɗakin karatu, ta haye kan katangar mutane, sai ta karyo ta shige can saman kusurwa. Golan ko hannu bai ɗaga ba.

Uku da biyu, Malam Wang ya busa tashi. Na ga manyan 'yan kasuwa masu kwantena suna birgima a ciyawa. Isuhu yana kuka. Aka ɗaga Baba sama, aka yi ƙoƙarin ɗaga Alhaji aka fasa. Fili namu ne har shekara, kuma ban taɓa jin daɗi irin na wannan yammacin ba.

Da na tsaya a nan, da yau labarin jarumta nake ba ku. Amma sai na hau kan benci na busa usur na ce a saurara, koci zai yi jawabi. Har 'yan Kamaru suka matso. Na yi godiya ga Allah, na yaba wa yara, sannan na jawo Baba kusa da ni na dafa sanƙonsa. Da Turanci na yi, don kowa ya amfana.

"Ku kalli mutumin nan. Sati uku da suka wuce bai san da cikin ƙafa ake fasin ba. Ni na koya masa, ga shaidu. Wannan ya nuna muku babu tsufa a neman ilimi, in dai an samu malami. Baba, in ka ci gaba da biyayya, badi zan duba yiwuwar ba ka mataimakin kyaftin."

Ina cikin haka na ga Malam Wang yana tahowa daga ofishinsa da sauri, da jarida a hannu da alƙalami. Ya ratsa mutane, ya wuce ni kamar ba ni a wurin, ya tsaya gaban Baba ya rusuna, ya miƙa masa jaridar da hannu biyu. Ya ce tun da ya ga bugun nan zuciyarsa ta ba shi, don ya sha ganin irinsa a talabijin shekarun baya. A shafin akwai hoto biyu. Ɗaya wani saurayi mai gashi har kafaɗa, da ƙyallen kyaftin a damtse, ya ɗaga kofi. Ɗayan Baba Tayil ne cikin kwat.

Isuhu ya fi mu iya karatun Sinanci, ya karɓa. Kuma don mugunta irin ta Badamagare, a hankali ya karanta, yana fassara jimla-jimla yana kallona.

Ɗan masunci ne daga wani ƙauye a bakin teku. Yana saurayi wata babbar ƙungiya ta ɗauke shi. Ya fi shekara goma yana buga mata tsakiya a babban rukunin Sifaniya, ya yi kyaftin, ya ɗaga kofi, ya sa rigar ƙasarsa. Gwiwar dama ce ta tsayar da shi. (Gwiwar da na sa ta zagaya fili sau biyu.) Ya koma horar da matasa, daga nan ya karɓi wata ƙaramar ƙungiya ya hauro da ita babban rukuni, aka sallame shi da abubuwa suka taɓarɓare, wata ta ɗauke shi ya kai ta wasan ƙarshe na kofi. Isuhu ya dakata, ya gyara murya.

"Yanzu kuma an gayyato shi lardin nan don ya koyar da..." Ya ɗago. "Koci, in ci gaba?"

Bai jira amsata ba.

"Don ya koyar da kociyoyi."

Har yanzu ina kan benci, hannuna kuma yana kan sanƙon mutumin. Ban san lokacin da na janye shi ba. Sai wani ɗan Kamaru ya buga ganga sau ɗaya, shi ke nan aka fashe. Na so ƙasa ta tsage in shige. A garin saukowa littafina ya faɗi, Alhaji Sabo ya riga ni kai hannu. Ya buɗe, ya laluba, ya samu shafin, ya karanta da muryar mai sanarwar ɗaurin aure:

"Baba Tayil. Hannu babu, gudu babu. Amma yana da ladabi. Da ya samu koci tun yana yaro, da ya zama wani abu."

Isuhu, Allah Ya saka masa, ya mayar da shi Faransanci, wani ya mayar Sinanci don Malam Wang. A harshe uku aka yi min dariya a yammacin nan. Wanda ya fi kowa dariya Baba ne, har ya riƙe gwiwa yana share hawaye.

Na cire usur daga wuyana na miƙa masa. Na ce ya yafe min, ban sani ba. Na ce don Allah me ya sa bai faɗa ba.

"Ba ka tambaye ni ba, Koci," in ji shi. "Ka tambaya, ka amsa."

Ya mayar min da usur ɗin a wuya da hannunsa. Ya ce tun da gwiwarsa ta lalace ba wanda ya sake ce masa zo ka buga, kowa sai dai ya kawo masa kujera ya ce ya yi bayani. Mu ne muka fara ba shi riga muka yi masa tsawa kamar kowa, kuma ya daɗe bai ji daɗin Lahadi irin waɗannan ukun ba. Ya ce ya san kociyoyi masu manyan takardu da za su gwammace a ci su biyar da su bar gola ya yi magana a hutun rabin lokaci. (Wannan jimlar na riƙe ta gam, ita nake fitarwa duk lokacin da aka taso ni.) Sannan ya karɓi littafin daga hannun Alhaji, ya yi rubutu a ƙarƙashin nawa, ya sa hannu. Isuhu ya fassara: "Koci ya yi gaskiya a kan hannu da gudu."

Magariba ta yi, muka shimfiɗa kwalayenmu a bayan raga, a filinmu. Baba ya zauna a matakala yana gadin takalma yana cin kilishi, yaji yana sa shi tari. Ya ci gaba da zuwa duk Lahadi har aikinsa ya ƙare ya koma gida, kuma bai taɓa karɓar usur ba. In zai gyara wani abu sai ya zo kusa da ni ya ce, "Koci, ba kana shirin cewa 'yan baya su matso ba?" Ni kuma in ce ƙwarai, yanzu nake shirin faɗa.

Littafin yana nan a cikin akwatina. In 'ya'yana suka ga ina musu da talabijin suka ce Abba me ka sani a ƙwallo, sai in ɗauko in nuna musu sa hannun, in ce a duk Kano a nemo wanda ya taɓa horar da kocin Sifaniya kuma ya ci wasan. Shafin kawai nake nunawa daga nesa, ba na bari su karanta layin sama.

Dokar unguwa kuwa ban yar da ita ba, baƙo har gobe gola yake farawa. Abu ɗaya na ƙara mata: kafin in miƙa wa mutum safar hannu sai na tambaye shi sana'arsa, in kuma rufe bakina har ya amsa.